Yadda motsa jiki a wajen fili ya sauya wasan golf

Shekaru hamsin da suka wuce, ɗan wasan golf da aka gani yana ɗaga ƙarfe yakan zama abin zolaya a wurin abokan wasansa. A yau kuwa da wuya a sami wani daga cikin manyan 'yan wasan duniya da ba shi da mai horar da shi kan motsa jiki. Har ma akwai manyan motoci da aka mayar ɗakunan atisaye, waɗanda ke bin gasannin ƙwararru na Amurka da Turai daga wannan gari zuwa wancan.

Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne gane cewa yawancin abin da ɗan wasa zai iya yi da sanda a fili, jikinsa ya riga ya yanke shi tun kafin ya iso filin. Sai dai kuma tarihin wasu fitattun 'yan wasan ya nuna cewa atisayen da ke ƙara wa bugu nisa, idan aka wuce gona da iri a cikinsa, shi ne kuma ke kai mutum ɗakin tiyata.

Wasa ne ko yawon shan iska?

Golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda daga wani wuri da aka keɓe har ta faɗa rami. Cikakken zagaye ramuka 18 ne, kuma wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara.

Da yake babu gudu a cikinsa, babu kuma gwabza jiki da abokin hamayya, mutane da dama sun daɗe suna kallonsa a matsayin yawon shan iska na masu hannu da shuni.

Wannan muhawara ta taɓa kaiwa har gaban Kotun Ƙolin Amurka. Wani ɗan wasa mai suna Casey Martin, wanda aka haifa da cutar magudanar jini a ƙafarsa ta dama, ya nemi a ba shi izinin hawa 'yar motar fili a lokacin gasa. Hukumar PGA Tour mai shirya gasannin ƙwararru ta ƙi, tana mai cewa gajiyar tafiya a ƙasa wani ɓangare ne na gasar, kuma tsofaffin zakaru Arnold Palmer da Jack Nicklaus suka ba da shaidar da ta goyi bayan hukumar. A shekara ta 2001 kotun ta ba Martin gaskiya da rinjayen alƙalai 7 a kan 2.

Wani nazari da masana a Jami'ar Edinburgh ta Birtaniya suka fitar a shekara ta 2016 ya nuna cewa mai zagaya ramuka 18 da ƙafa yakan yi tafiyar mil huɗu zuwa takwas, watau kimanin kilomita shida zuwa goma sha uku. Ƙwararru suna yin haka ne kwana huɗu a jere a yawancin gasanni.

Amma tafiyar ita ce mai sauƙi. Abin da ya fi gallaza wa jiki shi ne bugun kansa.

Ƙarfin daga ƙasa yake tasowa

Daga lokacin da ɗan wasa ya fara ɗaga sanda zuwa lokacin da ta taɓa ƙwallo, bai wuce daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. Saukowar sandar kaɗai ba ta kai sulusin daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan taƙi, kan babbar sandar bugun nesa a hannun matsakaicin ƙwararre na PGA Tour yana kai gudun kimanin mil 115 a sa'a guda, kilomita 185 ke nan. Matsakaicin namiji mai wasa don nishaɗi kuwa yakan tsaya a wajen mil 93.

Mai kallo daga gefe zai ɗauka hannuwa ne ke yin aikin. Na'urorin da ke auna motsin gaɓɓai da nauyin da ƙafa ke danna ƙasa da shi sun nuna ba haka ba ne. Ɗan wasa yana fara danna ƙasa da ƙafafunsa, sai ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo baya, hannuwa su biyo, sannan sanda ta zo a ƙarshe. Kowace gaɓa tana rage gudu a daidai lokacin da ta miƙa shi ga ta gaba. Haka bulala take: hannun mai riƙe da ita ba ya wani gudun a zo a gani, amma bakinta ne ke tsaga iska.

Shi ya sa masu bincike suka sha gano cewa ɗan wasan da ya fi iya daka tsalle sama, galibi shi ne sandarsa ta fi gudu.

A shekara ta 1992 wani malamin golf na Amurka, Jim McLean, ya jawo hankali ga wani abu da ya lura da shi a jikin masu bugun nesa: idan sun ɗaga sanda, kafaɗunsu suna juyawa fiye da ƙugunsu da tazara mai yawa, sai jiki ya murɗe kamar tsumman da ake matsewa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa murɗewar tana ƙaruwa ne a farkon saukowar sanda, lokacin da ƙugu ya riga ya kama hanya amma kafaɗu ba su taso ba.

A nan ne matsalar take. Gaɓɓan da aka halitta domin irin wannan juyi su ne kwatangwalo da kuma ƙashin baya na sama, wanda ke daura da haƙarƙari. Ƙashin baya na ƙasa, wanda ke daidai ƙugu, aikinsa ɗaukar nauyi ne da sunkuyawa, juyin da yake iya yi kaɗan ne ƙwarai. Idan kwatangwalo ta sandare, kamar yadda take yi wa wanda ya yini a kan kujerar ofis ko ta mota, jiki ba ya fasa bugun. Sai ya nemo juyin daga ƙasan baya.

Wani bincike da aka yi a Amurka a wajajen shekara ta 1990 ya kiyasta cewa matsin da ke sauka a kan ƙasan baya a lokacin bugu yakan kai ninki takwas na nauyin jikin mutum. Kuma a gefe ɗaya ake ta maimaita shi, sau ɗaruruwa a rana ga mai atisaye da gaske. Ba abin mamaki ba ne da ciwon ƙasan baya ya zama kan gaba a cikin raunukan da 'yan golf ke kuka da su, sai na gwiwar hannu da wuyan hannu da kafaɗa.

Kan wannan fahimta ce aka kafa cibiyar Titleist Performance Institute a garin Oceanside na jihar California a shekara ta 2003. Tsarinta shi ne a gwada jikin ɗan wasa kafin a taɓa salon bugunsa: ko zai iya tsugunnawa sosai dugadugansa na ƙasa, ko zai iya juya ƙugu ba tare da kafaɗu sun bi ba, ko zai iya tsayawa da ƙafa ɗaya ido a rufe. Alal misali, wanda ya kasa tsugunno yakan miƙe tsaye a tsakiyar bugu, ya turo ƙugunsa wajen ƙwallo. Malami zai iya gaya masa sau ɗari ya daina, kuma ya ji sarai, amma ba zai daina ba, domin ba kunne ne ya ƙi ji ba, gaɓa ce ta ƙi lanƙwasa. Irin wannan ɗan wasa ne ke kashe kuɗi kan darussa da sababbin sanduna shekara da shekaru yana nan inda yake.

Waɗanda aka yi wa dariya

Tun kafin a sami na'urorin da za su tabbatar da haka, akwai waɗanda suka hango. Frank Stranahan, ɗan wani attajiri daga birnin Toledo na jihar Ohio, wanda ya lashe gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a 1948 da 1950, ya shahara da yawo da ƙarafunan ɗagawa a cikin akwatinsa, har ana ba da labarin yadda masu ɗaukar kaya a otal ke shan wuya da shi.

Wanda ya fi kowa tsayawa kan lamarin shi ne Gary Player na Afirka ta Kudu. Tsawonsa kimanin ƙafa biyar da rabi ne, kuma ya san ba zai kamo manyan ƙarti irin su Palmer da Nicklaus a nisan bugu ba sai ya gina jikinsa. A zamanin, abin da aka yi imani da shi shi ne ɗaga ƙarfe yana ɗaure tsoka ya lalata laushin hannu. Player bai saurara ba. Ya lashe manyan gasanni tara, na ƙarshe shi ne gasar Masters ta 1978 yana ɗan shekara 42.

Duk da haka 'yan kaɗan ne suka bi sahunsa, sai da Tiger Woods ya bayyana. A shekara ta 1997, yana da shekara 21, ya lashe gasar Masters da ratar bugu 12, yana kai ƙwallo wuraren da waɗanda suka zana filin Augusta ba su yi tsammani ba. A 2002 masu filin suka ƙara masa tsawon kusan yadi 300. Yaran da suka tashi suna kallon Woods a talabijin sun ɗauki ɗakin motsa jiki a matsayin wani ɓangare na sana'ar.

A ɓangaren mata, Annika Sorenstam ta Sweden ta shiga horon ƙarfi mai tsanani a farkon shekarun 2000, ta ƙara wa bugunta nisan kimanin yadi 20. A 2003 ta shiga gasar Colonial a jihar Texas, ta zama mace ta farko da ta buga gasar maza ta PGA Tour tun bayan Babe Zaharias a 1945.

Me nisa ke saye?

A shekara ta 1980 matsakaicin nisan bugun farko a PGA Tour kimanin yadi 257 ne. John Daly ne ya fara wuce yadi 300 a matsakaicin lissafin kakar wasa guda, a 1997, kuma a lokacin abin al'ajabi ne. Zuwa 2024 matsakaicin dukkan 'yan wasan ya kai kimanin yadi 300. Rory McIlroy na Ireland ta Arewa, wanda shi ma ba wani dogo ba ne, ya kafa tarihi da yadi 326.3 a kakar 2022 zuwa 2023.

Ba daidai ba ne a danganta duk wannan ƙari ga motsa jiki. Sanduna masu manyan kawuna na ƙarfen titaniyam sun shigo a shekarun 1990, sabuwar ƙwallo mai tauri a ciki ta mamaye gasanni daga shekara ta 2000, sannan ana yanke ciyawa ƙasa-ƙasa ta yadda ƙwallo ke ƙara gangarawa. Abin ya kai ga hukumomi biyu masu kula da dokokin wasan, R&A ta Scotland da USGA ta Amurka, sun sanar a watan Disamba na 2023 cewa za su sauya ƙa'idar gwajin ƙwallo domin rage nisan da take yi.

Dalilin da ya sa kowa ke neman nisa, wani farfesa ne a Jami'ar Columbia ta New York, Mark Broadie, ya fito da shi fili da lissafi. An daɗe ana koya wa 'yan golf cewa ɗan bugun ƙarshe na tura ƙwallo cikin rami shi ne ke kawo kuɗi. Da Broadie ya tace miliyoyin bugu, a littafin da ya wallafa a 2014, sai ya gano cewa kimanin kashi biyu cikin uku na fifikon da manyan 'yan wasa ke da shi a kan saura yana fitowa ne daga bugun da ya wuce yadi 100. Turawa cikin rami kimanin kashi 15 cikin ɗari kawai ta ɗauka.

Ana ƙiyasta cewa duk mil ɗaya a sa'a da aka ƙara wa gudun sanda yana ƙara wa ƙwallo yadi biyu zuwa uku. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Pittsburgh, wanda aka wallafa a 2007, masu wasa don nishaɗi su 15 sun yi makonni takwas suna atisayen ƙarfi da miƙa gaɓɓai da daidaita tsayuwa, gudun sandarsu ya ƙaru da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Mutum 15 ba su da yawa, amma sauran gwaje-gwaje irinsa sun nuna alƙibla ɗaya. Ga mai gudun mil 93, hakan kusan yadi goma ne ko fiye.

Farashin wuce iyaka

Mutumin da ya shigo da ɗakin motsa jiki cikin golf, shi ne kuma ya fi kowa nuna iyakarsa. Woods ya lashe gasar US Open ta 2008 bayan ya buga ramuka 91 da tsinkakkiyar jijiya a gwiwarsa ta hagu da tsaga biyu a ƙashin ƙauri, kwanaki kaɗan bayan haka aka yi masa tiyata. Tsakanin 2014 da 2017 an yi masa tiyata huɗu a baya, ta huɗun ta haɗe wasu ƙasusuwan ƙasan bayansa wuri ɗaya. Dawowar da ya yi ya lashe Masters a 2019 yana da shekara 43 na daga cikin manyan labaran wasanni na wannan zamani.

Tsohon kociyansa Hank Haney ya yi zargi a littafinsa na 2012 cewa horo irin na sojoji da Woods ya riƙa yi ya ƙara masa rauni. Shi kansa Woods ya bayyana a 2020 cewa gudun sama da mil 30 a mako da ya yi a shekarunsa na farko ya lalata masa gwiwoyi.

Bryson DeChambeau na Amurka ya ɗauki wata hanyar. Tsakanin ƙarshen 2019 da tsakiyar 2020 ya ƙara nauyin kimanin kilo 18 ta hanyar ɗaga ƙarfe da ɗura wa cikinsa abinci mai gina tsoka. Ya zama na ɗaya a nisan bugu, ya kuma lashe US Open ta 2020 a filin Winged Foot da ratar bugu shida. Amma a 2022 aka yi masa tiyata a hannun hagu, ya kuma rage nauyi sosai, yana mai cewa irin abincin da ya riƙa ci ya dagula masa lafiya. Da jikin da ya fi sauƙi ne ya sake lashe gasar a 2024.

Labarin McIlroy ya fi kusa da abin da likitoci ke ba da shawara. Ciwon baya ne ya kai shi ɗakin motsa jiki tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba neman nisa ba, nisan daga baya ya zo. Ko shi ma ya amsa a 2021 cewa ƙoƙarin kamo gudun DeChambeau ya rikita masa salon bugu na wani lokaci. A 2025 ya lashe Masters, ya zama namiji na shida da ya haɗa manyan gasanni huɗun duka.

Ga mai wasa a ƙarshen mako

Mafi yawan masu golf ba ƙwararru ba ne, kuma da yawansu sun haura shekara arba'in. Masana sun ƙiyasta cewa bayan shekara talatin mutum yakan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara goma idan bai motsa ta ba, kuma saurin motsi ya fi ƙarfi saurin zubewa. Abin da irin wannan ɗan wasa ke nema, kafin batun ƙarin yadi, shi ne kada bayansa ya raba shi da wasan.

Masu horarwa sukan fara ne da ƙafafu da mazaunai, ta hanyar tsugunno da ɗaga nauyi daga ƙasa baya a miƙe, domin su ne injin bugun. Ana horar da tsokar ciki ta iya hana ƙugu murɗewa lokacin da ake jan jiki gefe, alal misali da robar atisaye, maimakon yawan tashi da kwanciya da aka saba. Sai jifan bango da ƙwallo mai nauyi daga gefe domin koya wa jiki sauri, kuma a yi ta dama da hagu, tun da wasan gefe ɗaya yake ci. Kwatangwalo da bayan sama suna buƙatar 'yan mintuna na juyi da miƙewa kusan kullum. Babu abin da ke buƙatar manyan injuna a cikin waɗannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Zagayen golf da ƙafa yana cike gurbin tafiya, amma ba ya cike wannan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko tsohon ciwon baya kuwa, ganin likita ya kamata ya riga ɗaga ƙarfe.

Akwai kuma ɗumama jiki, wanda shi ne mafi araha kuma shi aka fi watsi da shi. Ba a rasa ganin mutum ya fito daga mota ya nufi ramin farko kai tsaye ya kai wa ƙwallo bugu da iyakar ƙarfinsa. Mintuna goma na tafiya da sauri da juya gaɓɓai da kaɗa sanda a hankali suna ƙara gudun bugu, alhali daɗewa a tsaye ana jan tsoka guda dab da wasa yana iya rage mata kuzari na ɗan lokaci.

Ga masu wasa a filayen Kano da Kaduna da Abuja akwai ƙarin abokin hamayya, watau rana. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan doshi maki 40 a ma'aunin Celsius a wasu sassan arewacin Najeriya, sa'o'i huɗu a fili suna tsotse ruwan jiki, kuma hankali da daidaiton hannu sukan fara raguwa tun kafin mutum ya farga. Wanda ya saba da tafiya mai nisa a sauran ranakun mako, ya kuma riƙa shan ruwa tun daga ramukan farko, shi ne ke isa ramuka huɗun ƙarshe da sauran ƙarfi a ƙafa.

Wani bincike da Cibiyar Karolinska ta Sweden ta fitar a 2008, kan 'yan golf kimanin 300,000, ya gano cewa yawan mace-mace a cikinsu ya gaza na sauran jama'a masu shekaru irin nasu da kashi 40 cikin ɗari. Binciken bai tabbatar da cewa golf ne sanadi ba, domin mai lafiya ne tun farko ke iya zagaya fili.

Phil Mickelson ya lashe gasar PGA a 2021 yana da shekara 50, ya zama mafi tsufa da ya taɓa lashe ɗaya daga cikin manyan gasannin. Bernhard Langer na Jamus, wanda ya shafe shekaru da dama bai yi wasa da atisaye da miƙa jiki ba, ya tsinka jijiyar agararsa a watan Fabrairu na 2024. Cikin kimanin wata uku ya koma fili, kuma a watan Nuwamba na wannan shekarar ya lashe gasarsa ta 47 a rukunin dattawa a birnin Phoenix. Yana da shekara 67 a lokacin, ya kuma kammala zagayen ƙarshe da bugu 66.